Wanda ya tara yara a filin balo ya ɗauki amanar lafiyarsu

A wannan shafi mun saba yin magana a kan gero da wake, da zazzaɓin cizon sauro, da allurar rigakafi. Yau za mu fita bayan gari, mu leƙa filin balo, domin a can ma akwai maganar lafiya.

Da la'asar sakaliya, duk garin da mutum ya shiga, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko unguwannin Yamai, zai ga ƙura ta tashi, yara suna bin ƙwallo. A gefen fili akwai wani mutum tsaye da usur a wuya. Wani malamin lakwal ne, wani tela ne, wani kuma tsohon ɗan wasa ne. Galibi ba wanda yake biyansa. Shi ne mai horar da yara. Muna yaba masa, domin yana raba ƴaƴanmu da zaman banza, yana koya musu haɗin kai da biyayya. Daga irin waɗannan filaye ne ƴan wasan Mena suka taso, har suka kai Nijar gasar kofin Afirka a 2012 da 2013.

Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Idan yaro ya faɗi bai tashi ba, mai horarwa ya san abin da zai yi? Ra'ayinmu shi ne, duk wanda zai tara yara wasa, wajibi ne ya koyi hanyoyin tsare su daga rauni, ya kuma koyi taimakon farko. Wannan sani yana gaba da sanin dabarun cin wasa.

Abin da muka gani

Wata shekara bayan kaka, a wani ƙauye, mun halarci wasan yara a wata gonar da aka girbe. Wani yaro mai shekara 13 ya yi karo da wani wanda ya girme shi, ya faɗi yana kuka, ya riƙe ƙwaurinsa. Mutane suka taru a kansa. Wani ya ce targaɗe ne, ya kama ƙafar ya ja da ƙarfi. Wani ya ce a tsayar da shi ya taka. Daga baya aka ɗora shi a babur, ƙafar tana lilo, aka kai shi gida. Aka ɗaure wurin tamau da kara da igiya. Kwana uku yana kuka, ana ce masa ya yi haƙuri, haka ɗori yake. Sai da yatsunsa suka yi sanyi suka fara sauya launi, sannan aka kai shi babban asibiti. An ceci ƙafar da ƙyar. Ya rasa shekarar karatu, bai taɓa hauya ba a damanar da ta biyo, mahaifinsa kuma ya sayar da tumakinsa don biyan magani.

Duk waɗanda suka taɓa yaron nan alheri suka nufa. Rashin sani ne ya sa garin neman gira aka kusa rasa ido. Da akwai mutum ɗaya a filin da ya san yadda ake tallafe karaya, da wahalar ba ta kai haka ba.

Amsa ga masu uzuri

Wasu suna cewa, “Rauni ƙaddara ce, ba a guje mata.” Muna amsa musu da misalin manomi. Manomi ya san ruwan sama ba a hannunsa yake ba, amma yana yin shara, yana zuba taki, yana kewaye garkarsa don kada awaki su shiga. Idan ya bar ƙofa a buɗe dabbobi suka cinye shuka, sakacinsa za a zarga.

Wasu suna cewa, “Ba mu da kuɗi.” Mafi yawan abin da za mu lissafa a nan ba ya cin ko dala. Tsince kwalba a fili kyauta ne. Hutun shan ruwa kyauta ne. Hana yaro mai zazzaɓi wasa kyauta ne.

Wasu kuma suna cewa, “Mu ba likitoci ba ne.” Gaskiya ne. Taimakon farko shi ne abin da ake yi a mintocin farko don kada rauni ya ƙaru, kafin a kai yaro gidan likita. A waɗannan mintoci ba kowa a wurin sai mai horarwa. Ko ya sani ko bai sani ba, hannunsa ne zai fara taɓa yaron.

Akwai kuma masu cewa, “Namiji sai ya ji jiki yake ƙarfi.” Jikin yaro bai gama ginuwa ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa, kusa da gaɓoɓi, akwai wuri mai taushi, daga nan ƙashi yake ƙara tsawo. Idan wurin ya ji rauni ba a kula ba, ƙafa tana iya karkacewa, ko ta fi ƴar uwarta gajarta. Yaron da aka tilasta ya ci gaba da wasa yana ɗingishi, yana iya ɗaukar wannan ɗingishi har tsufa.

Rigakafi ya fi magani

Na farko, fili. Yawancin filayenmu hanyar dabbobi ne, ko gona, ko kusa da juji. Kafin a soma wasa, yara su jeru kafaɗa da kafaɗa, su bi fili daga wannan gefe zuwa wancan. Su tsince fasasshiyar kwalba, da gwangwani, da ƙusa, da ƙaya, da duwatsu. A tumɓuke tushiyar kara, a cike ramuka. Minti biyar ya isa. A duba sandunan raga, a tabbata an kafe su sosai a ƙasa, a kuma hana yara lilo a jikinsu, domin ƙarfe idan ya faɗo a kan yaro yana iya kashe shi.

Na biyu, takalmi da kariyar ƙwauri. Tun 1990 dokar ƙwallon ƙafa ta wajabta sanya kariyar ƙwauri a wasa. Inda babu halin saye, a kiyaye wannan: kada a haɗa mai takalmi mai haƙora da mai wasa ba takalmi. Ko kowa ya sa, ko a bar takalmi mai haƙora a gefe.

Na uku, sa'o'i. A haɗa yaro da sa'ansa. Ɗan shekara 10 ba abokin karon ɗan shekara 16 ba ne. Mai horarwar da ya rage wa babban yaro shekaru don ya ci kofi, ya sa ƙananan yara cikin haɗari, kuma ya koya wa ƴan wasansa ƙarya.

Na huɗu, zafi da ƙishirwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasarmu. A wannan lokaci a yi wasa da sassafe, ko bayan rana ta yi sanyi. Yara su sha ruwa kafin wasa, a kuma tsaya kowane minti 15 zuwa 20 su sake sha, su huta a inuwa. Wasu suna hana ruwa, wai yana sa nauyin jiki. Wannan kuskure ne. A gasar kofin duniya ta 2014 a Brazil, alƙalin wasa ya tsayar da manyan ƴan wasa don su sha ruwa saboda zafi. In haka ne ga ƙarti, ina ga yara? Idan akwai samari masu azumi, a sassauta horo, ko a mayar da shi bayan shan ruwa.

Na biyar, ɗumama jiki. Tsokar da ba ta ɗumama ba ta fi saurin jin rauni. A 2006 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fito da wani tsarin motsa jiki mai suna 11+. Yana ɗaukar minti 20, ana yin sa aƙalla sau biyu a mako. A ciki akwai sassarfa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da ƙarfafa cinya da ciki, da koyon tsalle da sauka gwiwa a lanƙwashe, ba ta karkata ciki ba. An gwada shi a kan matasan ƴan wasa a Legas, aka buga sakamakon a 2014: rauni ya ragu da kashi 41 cikin 100. Akwai kuma irinsa na ƙananan yara daga shekara 7 zuwa 13, wanda yake koya musu har yadda ake faɗuwa a mirgina ba a ji ciwo ba. Tsarin nan ba ya bukatar wata na'ura, sai fili da ƙwallo da haƙuri.

Na shida, sanin lafiyar kowane yaro. Mai horarwa ya tambayi iyaye: yaron yana da fuka? Yana da farfaɗiya? Yana da amosanin jini? Waɗannan yara suna iya wasa bisa shawarar likita, amma suna bukatar kulawa. Mai amosanin jini, alal misali, ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna tayar masa da ciwo. Yaro mai zazzaɓi ko zawo ya zauna a gida har ya warke. Yaron da ya taɓa suma yana cikin gudu, ko yake jin ciwon ƙirji idan ya yi gudu, ko wani danginsa ya mutu farat ɗaya yana matashi, likita ya duba zuciyarsa kafin ya koma fili.

Na bakwai, hadari. Wasannin babban hutu da damana suke zuwa. Da an ji tsawa, a bar fili, a shiga cikin gini. Kada a fake a gindin itace, kada a tsaya kusa da ƙarfen raga. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma.

Na takwas, ƙwayoyi. Muna jan kunnen masu horarwa a kan tramol da sauran ƙwayoyin da ake sayarwa a tebur. Ba yaro ƙwaya don ya daina jin ciwo ya ƙarasa wasa zalunci ne. Ciwo saƙo ne daga jiki cewa a tsaya. Tramol kuma yana kama mutum ya kasa dainawa, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Idan rauni ya auku

Abu na farko shi ne natsuwa. A tsayar da wasa. A kori taron jama'a baya don yaro ya sami iska. Mutum ɗaya ya yi magana da yaron, ya tambaye shi inda yake masa ciwo, ya duba da ido kafin ya taɓa da hannu.

Ƙujewa da yanka. A wanke hannu. A sa safar hannu, in babu a sa leda mai tsabta, don jinin wani yana iya ɗauke da cuta. A wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabuni har ƙasa da yashi su fita, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin dabba, ko baƙin mai, ko garin batir. Ƙwayar ciwon sandarewar jiki, wanda likitoci suke kira tetanos, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tana shiga ta rauni, ko da ƙarami ne kamar sukar ƙusa. Ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, haƙora su sarƙe, jiki ya sandare, kuma yana kisa. Don haka duk rauni mai zurfi ko mai datti, a je gidan likita a ranar, a tafi da katin rigakafin yaro, a tambaya ko yana bukatar allura.

Zubar jini. A danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a riƙe da ƙarfi har minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Idan jini ya jiƙa ƙyallen, a ɗora wani a kai, a ci gaba da dannewa, a tafi gidan likita.

Haɓo. Yaro ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse wuri mai taushi na hanci minti 10, yana numfashi ta baki. Kada a ɗaga kansa sama, don jinin zai gangara maƙogwaro. Idan bai tsaya ba bayan minti 20, sai gidan likita.

Targaɗe. A fitar da yaro daga wasa. A naɗe ƙanƙara cikin ƙyalle a ɗora a wurin minti 15 zuwa 20. Inda babu ƙanƙara, a jiƙa ƙyalle da ruwan randa mai sanyi. A naɗe gaɓar da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar a kan wani abu ta yi sama. Kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi a kwana biyu na farko, domin waɗannan suna ƙara kumburi. Idan yaro ya kasa taka ƙafar, ko ƙashin kansa yana ciwo idan an taɓa, a ɗauka karaya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Karaya da gocewar ƙashi. Alamunsu su ne ciwo mai tsanani, da kumburi, da karkacewar gaɓa, da kasa motsa ta. Kada a ja, kada a yi ƙoƙarin miƙar da ita. A bar ta yadda aka same ta. A samo katako, ko kwali mai kauri, ko karan dawa, a shimfiɗa ƙyalle, a tallafe gaɓar, a ɗaure sama da ƙasan wurin da ya karye, ba a kansa ba. A riƙa duba yatsu. Idan sun yi sanyi, ko sun sauya launi, ko yaro ya daina jin su, ɗaurin ya yi tsanani, a sassauta nan take. Idan ƙashi ya huda fata, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a tura shi ciki. Kada a ba yaron abinci ko abin sha, don wataƙila za a yi masa aiki. A ɗauke shi a kwance, a mota ko a amalanke da shimfiɗa.

Mun san jama'a da yawa sun fi zuwa wurin maɗori. Maɗora mutanenmu ne, sun gaji sana'arsu, amma ido ba ya ganin abin da ke cikin nama. Hoton ƙashi a asibiti shi ne yake nuna yadda karaya take. Ɗauri mai tsanani kuma yana tare jini, nama ya mutu, har a kai ga yanke hannu ko ƙafa. Shawararmu ita ce asibiti tukuna.

Bugun kai. Wannan shi ne raunin da aka fi rainawa, saboda sau da yawa ba a ganin jini. Idan yara biyu suka yi karo da kai, ko kan yaro ya bugi ƙasa ko ƙarfe, a lura da shi. Jiri, ciwon kai, ganin dishi-dishi, tangaɗi, ko mance abin da ya faru, duk alamu ne cewa ƙwaƙwalwa ta girgiza, ko da bai suma ba. Yaron nan ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse ya warke, ko da shi ne gwanin ƙungiya. Bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari. A raka shi gida, a gaya wa iyaye su sa masa ido kwana biyu. Idan ya suma, ko yana ta amai, ko barci mai nauyi ya kama shi ba a iya tashinsa, ko jikinsa yana jijjiga, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne, a gaggauta zuwa asibiti. Ba zai koma wasa ba sai likita ya yarda. Saboda kare ƙwaƙwalwar yara ne hukumar ƙwallon Amurka ta hana ƴan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai tun 2015. Mu ma babu abin da za mu rasa idan muka jinkirta koya wa ƙanana wannan bugu.

Wuya da baya. Idan yaro ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin hannu ko ƙafa, kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu don kada ya motsa, a nemo ma'aikatan lafiya. Ɗaukar gaggawa tana iya shanye masa jiki har abada.

Bugun zafi. Yaron da ya galabaita, yana jiri, yana jin amai, a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a cire masa riga, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita. Idan yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ko ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan jikinsa ya yi zafi ƙwarai kuma yana sambatu ko ya suma, ransa yana cikin haɗari. A kwarara masa ruwa a jiki nan take, a ci gaba da haka a hanya har asibiti. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Suma da tsayawar zuciya. Idan yaro ya suma amma yana numfashi daidai, kuma ba a zargin rauni a wuya, a kwantar da shi a gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe. Akwai al'adar tura yatsu ko cokali a baki, wai kada ya haɗiye harshe. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Wannan al'ada tana karya haƙori, tana ɓata lokaci. Haka ma mai farfaɗiya: a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tallafe kansa, kada a danne shi, kada a sa masa kome a baki.

Idan kuwa yaro ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko kuwa yana shaƙuwa jefi-jefi, a ɗauka zuciyarsa ta tsaya. Mutum ɗaya ya kira agaji. Wani ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ya ɗora dunduniyar tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ya riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya, bayan dannawa 30 sai ya hura masa iska sau biyu. Kada a tsaya har agaji ya iso ko yaron ya farfaɗo. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin ƴan mintoci idan jini bai kai mata ba, dannawar nan kuma ita take tura jinin.

Wannan abu yana samun har manyan ƴan wasa. Ranar 26 ga Yuni 2003, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa, ya rasu yana da shekara 28, saboda ciwon zuciyar da ba a san yana da shi ba. Ranar 12 ga Yuni 2021, Christian Eriksen na Danmak shi ma ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya. Nan da nan aka soma danna ƙirjinsa, aka sa masa na'urar tayar da zuciya. Ya rayu, har ya buga gasar kofin duniya ta 2022. Filayenmu na unguwa ba su da wannan na'ura, amma hannu biyu kowa yana da su. Sai dai karatu a jarida bai isa ba, dole mutum ya koya da hannunsa a gaban wanda ya iya.

Jakar agaji da shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace ƙungiya ta tanadi jaka ɗaya da ba a rabuwa da ita. A ciki a sa sabuni, da ƙyallaye masu tsabta, da bandeji, da filasta, da almakashi, da safar hannu, da ƙunshin gishirin zawo, da katako biyu na tallafe karaya. A gefe a ajiye jarkar ruwa mai tsabta. A sa ɗan littafi mai sunan kowane yaro, da shekarunsa, da ciwon da yake da shi, da lambar salular iyayensa. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, ga wurin da iliminku zai yi amfani: ku riƙe wa ƙungiyar unguwarku wannan littafi.

Kafin kowane wasa a san amsar tambaya uku. Wane gidan likita ne mafi kusa? Wa yake da mota ko amalanke? Wa zai kira iyaye? A birane lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Kiranmu

Ga masu horarwa: ku nemi sani. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana aiki a Nijar tun 1963, koyar da taimakon farko yana cikin ayyukanta. Ku haɗu ku goma ko ashirin, ku je reshenta na jiharku ku nemi a koya muku. A ƙauye, ku je wurin shugaban gidan likita ku roƙe shi ya ba ku yini ɗaya. Ku kuma koya wa manyan yaranku abin da kuka koya.

Ga iyaye: ɗanku yana fita kullum da maraice, kun taɓa zuwa kun ga filin? Ku je. Ku gaisa da mai horarwa, ku gaya masa gaskiyar lafiyar yaronku, ku duba katin rigakafinsa. Idan ana tara kuɗin riguna, ku ce a fara da jakar agaji. Idan an fitar da ɗanku daga wasa saboda ya bugu a kai, ku gode wa wanda ya fitar da shi.

Ga magadan gari, da sarakuna, da masu sa kofi, da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT: muna roƙon a kafa sharaɗi. Kada a karɓi ƙungiyar yara a gasa sai tana da jakar agaji da mutum ɗaya da ya koyi taimakon farko. Ƙasarmu ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019 a Yamai da Maraɗi. Ƙasar da ta iya wannan, ba za ta kasa koya wa masu horarwar unguwa yadda ake tsayar da jini da tallafe karaya ba. Mai kuɗin da ya sa rago ko babur a gasa, ya ƙara da kuɗin horar da masu agaji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaran da ke filin nan su ne manoman gobe, da malaman gobe, da masu riƙe gidajenmu. Iyaye sun miƙa su da ƙafafunsu biyu, haƙƙi ne a mayar musu da su haka. Muna fata wanda ya karanta wannan shafi zai karanta wa mai horar da yaran unguwarsu, tun kafin wasa na gaba.